Fenti ba gyara ba ne

To, an shafe shi. Sannunku da ƙoƙari, masu kwalliyar 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji. Dutsen tunawa da sojojin garin nan ya sha farin fentin mai daga sama har ƙasa, yana ƙyalli kamar sabon shagon aski. Saura a gaya mana yadda za a karanta sunayen da ke jikinsa.

Ai sunayen nan su ne dukiyar. Dutse ko'ina akwai shi. Abin da babu a ko'ina shi ne jerin nan na wane Katsina, wane Bauchi, yadda ake rubuta soja a wancan zamani, da sunansa da na garinsu. Su ne aka kai Garwa da Mora a yaƙin Kamaru na 1914 zuwa 1916, aka wuce da wasu gabashin Afirka, 'ya'yansu kuma suka je Boma a yaƙin duniya na biyu. A 2021 hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel da bakinta ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Namu sun yi sa'a an rubuta, mu kuma muka zo da bokitin fenti.

Zurfin harafin da aka sassaƙa 'yan milimita ne kawai. Kowace shafa tana cike shi, shekara da shekaru ana yi sai allo ya koma sumul. Wannan ma ƙaramar ɓarna ce. Dutse yana shan danshi daga ƙasa da damina, ya fitar da rani. Fentin mai yana toshe masa hanya, sai gishirin da ruwan ya ɗauko ya daskare a ƙarƙashi, fuskar dutsen ta riƙa ɓantarewa tare da rubutun. Haka siminti: ya fi tsohon ginin tauri, idan aka liƙe tsaga da shi, dutsen ne zai fashe a gefensa. Farar ƙasa kashi ɗaya, yashi kashi uku, shi ne kwaɓin da ya dace.

Kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton kowace fuska da sassafe ko da la'asar, lokacin da rana ke dukan dutsen ta gefe, don haruffan da suka dushe su fito da inuwarsu. A kwafe sunayen da lambobin soja a littafi biyu, a ajiye wuri daban-daban. Wanki kuwa, ruwa mai tsabta ne da buroshi mai laushi, a gwada a ɗan lungu ta baya tukuna. Ban da buroshin waya, ban da ruwan batir, ban da garin sabulu. Allon tagulla ba a goge shi har ya yi walƙiya, duhun nan nasa kariya ce, shafen kaki marar launi siriri sau ɗaya a shekara ya ishe shi. Tsiron cediya da ya kama a tsaga a yanke shi, kada a fizge. Fentin da aka riga aka shafa, don Allah kada wani ya sa wuƙa ya kankare, a nemo ma'aikatan gidan tarihi.

Masu cewa kayan Turawan mulkin mallaka ne, na ji ku. Sunan Bature nawa kuka gani a jiki? Masu cewa gunki ne, waye ya taɓa yi masa sujada? Rajista ce, sai dai ta dutse. Wani tsoho yana nan da ransa, abin da ya rage masa na kakansa layi ɗaya ne a jikin dutsen nan. Allah Ya ji ƙansu.

Af, cikin masu wucewa ta barikin Chindit a Zariya kullum, mutum nawa suka san sunan daga dazukan Boma ya zo, inda bataliyoyin Najeriya uku suka yi yaƙi a 1944 cikin rundunar da ake kira Chindit?