Malam Koci, Kafin Ka Ajiye Yaro a Benci

Assalamu alaikum. Yau da malaman wasanni nake, masu riƙe da ƙungiyoyin ƙwallo na makarantun sakandare a nan Sakkwato.

Takardar da kake rubuta sunaye 11 a kanta kafin wasa hukunci ce tsakanin mutane, ko da mutanen 'yan shekara 15 ne. A Suratun Nisa'i, aya ta 58, Allah Ya umurce mu da mu mayar da amana ga masu ita, in kuma za mu yi hukunci tsakanin mutane mu yi shi da adalci. Ayar ba ta ware filin ƙwallo ba.

Ajiye yaron da wasansa ya ja baya ba zalunci ba ne. Abu Zarr, Allah Ya ƙara masa yarda, ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi muƙami, aka hana shi. To amma dubi yadda aka hana shi. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya bugi kafaɗarsa, ya ce masa shi mai rauni ne, muƙamin kuwa amana ne. A wata ruwayar ya ƙara da cewa yana so masa abin da yake so wa kansa. An gaya masa gaskiya baki da baki, da dalili, da ƙauna. Mu kuwa sai yaro ya zo da takalminsa, ya ga an miƙa wa wani rigarsa mai lamba 9, ba wanda ya ce masa uffan. Wani kocin ma a gaban abokansa zai laƙaba masa suna, alhali aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da laƙabi.

Ka ja shi gefe bayan atisaye, ka tambaye shi: "Ɗana, mi as same ka?" Sau da yawa matsalar ba a ƙafa take ba. Wani bai karya ba ya fito, ga zafin Afrilu da ke haura maki 40. Wani zazzaɓin cizon sauro ne bai gama sakinsa ba. Wani yana tsaron shagon babansa a kasuwa har dare, wani kuma tsoron jarrabawar WAEC ne ya cika masa kai. Akwai wanda tsawo ya zo masa lokaci guda, jikin bai saba da kansa ba tukuna. Tsawa ba ta maganin ko ɗaya daga ciki.

Sannan ka bar masa ƙofar dawowa. Ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, an mayar da yara gida saboda ƙarancin shekaru. Aka karɓi Rafi'u bin Khadij don an shaide shi da iya harbin kibiya, aka mayar da Samura bin Jundub. Samura ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u a kokawa. Aka sa su kama, ya kayar da shi, aka karɓe shi. Ban haɗa ƙwallo da jihadi ba, Allah Ya tsare, ladabin zaɓen nake nunawa: yaro ya kawo hujja, aka saurare shi, aka gwada. Ka faɗa wa naka abin da zai gyara, ƙarara. Dokar ƙwallo ta yanzu ta yarda da canji har 5, don haka inda tsarin gasarku ya bi wannan, sa shi a minti 20 na ƙarshen wasa ba zai gagare ka ba.

Kada kuma tausayi ya rufe maka ido daga ɗayan yaron, wanda kullum shi ne na farko a wurin atisaye, yana zaune a benci tun farkon zango yana jiran rana tasa. In ya fi cancanta ka hana shi don uban wancan babban mutum ne a unguwa, ko don ya taɓa sayen riguna wa ƙungiya, ka ci haƙƙinsa. Irin wannan yaron galibi ba shi da wanda zai buga maka waya a kansa.