Binciken gawa: yadda ake yi a Ingila, da yadda muke gudunsa a gida

A nan Ingila, idan mutum ya faɗi ya mutu ba a san dalili ba, gawar sai ta bi ta hannun alƙalin binciken mace-mace kafin a ba dangi. Idan ya ce a bincika, ba ya neman izinin kowa. Mu da muka saba a rasu da asuba a kai makwanci kafin azahar, wannan jiran yana ci mana rai. An kafa zaman makoki a Kano, ana ta bugo waya ana tambayar ko an yi sutura, kai kuwa mamacinka yana kwance a firjin asibiti.

Duk da haka, ina ganin akwai abin da suka fi mu. A gida da an ce "binciken gawa", abin da kunne ke ji shi ne za a feɗe mutum, sai kowa ya tashi da hadisin nan na cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. A ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, amma fa bakin da ya faɗi haka da safe, shi ne da yamma zai raɗa maka cewa kishiya ce ta sa masa wani abu a abinci. Janar Sani Abacha ya rasu ranar 8 ga Yunin 1998, aka binne shi a Kano ba tare da bincike ba, har yau ana zancen guba. Abiola da ya bi shi bayan wata ɗaya, likitocin ƙasashen waje suka duba gawarsa suka ce ciwon zuciya ne. Ba kowa ya yarda ba, amma aƙalla akwai rahoton da za a yi gardama a kansa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Kano a Afrilun 2020. Dattawa suna ta tafiya, masu haƙar kabari sun gaji, babu mai iya cewa ga abin da ke ɗaukarsu. Ƙarshenta gida-gida aka bi ana tambayar iyalai: ya yi tari? numfashi ya sarƙe? Da wannan ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen na iya zama korona ce ta jawo su.

Musulmin nan Ingila ba su naɗe hannu ba. Su da Yahudawa suka matsa har aka fara karɓar hoton na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki, a madadin wuƙa, ko da yake a wasu wuraren iyali ke biya, kuma idan hoton bai nuna komai ba sai an buɗe. A 2018 babbar kotu ta soke tsarin wata alƙaliya a arewacin Landan da ta ƙi ba masu gaggawar binne mamaci saboda addini fifiko. Manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suna da irin wannan na'ura, sai dai masu rai ma layi suke bi kafin su samu.