Igiyar Takalmi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Nasihar yau ta masu riƙe da makulli ce: makullin sito, akwatin kuɗin masallaci, littafin rabon kayan azumi, har da kai da aka danƙa wa cefanen makarantar kwana. Sai dai ku yi haƙuri, ta doguwar hanya zan bi, sai mun leƙa Amurka ta shekarar 1777 mun dawo.

A Disambar shekarar nan, rundunar George Washington mai yaƙin ƙwatar 'yanci daga Turawan Ingila ta yada zango a wani wuri da ake kira Valley Forge, tafiyar yini guda daga Filadelfiya, birnin da abokan gaba suka riga suka mamaye. Soja ne wajen 12,000. Kwana huɗu da saukarsu, ranar 23 ga wata, Washington ya rubuta wa majalisar Amurkawa mai kula da yaƙin cewa in ba a yi wani abu ba, ko yunwa ta kashe rundunar, ko ta rushe, ko ta watse neman abin sawa a baki. A wasiƙar ya ce mutum 2,898 ba sa iya fita aiki don ba su da takalmi, ba su da sutura. Wannan fa a hunturun da ruwa ke daskarewa ya zama dutse. Wasu ranakun abincinsu gari ne da ruwa, a kwaɓa a gasa a kan dutse mai zafi, shi ke nan. Kafin su bar wurin a Yunin 1778 kusan mutum 2,000 sun kwanta dama, mafi yawansu cuta ce ta ɗauke su, taifod da atini da ciwon huhu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba fari aka yi ba. Yankin ƙasar noma ne, rumbuna na da hatsi. Manoma da yawa sun gwammace su kai amfaninsu Filadelfiya, inda Turawan Ingila ke biya da zinariya da azurfa, a kan su karɓi takardar kuɗin majalisa da kullum darajarta ke zubewa. Babban kwatamasta, wato hafsan da keken kaya da dawaki da tantuna ke wuyansa, Thomas Mifflin, ya ajiye aiki tun da kaka, kujerar ta yi watanni ba kowa a kai. Ofishin abinci kuma majalisa ta raba shi gida biyu, mai saye daban, mai rabawa daban, shugabansa Joseph Trumbull ya yi murabus. Sai ga gari can a ajiye, ga mai jin yunwa nan, ba keken da zai haɗa su.

To a wannan halin, me ke cin ran wasu manyan hafsoshi? Wa ya riga wa samun girma. A Disambar dai majalisa ta ɗaga Thomas Conway zuwa manjo janar ta tsallake waɗanda ke gabansa, birgediyoyi suka haɗu suka rubuta ƙorafi. Ba na cewa ba su da hujja. Amma ku dubi zuciyar ɗan Adam.

A Maris 1778 aka matsa wa Janar Nathanael Greene ya karɓi kujerar kwatamasta. Ya karɓa ba da son ransa ba, shi filin daga yake so, har daga baya ya rubuta wa Washington cewa ba wanda ya taɓa jin sunan kwatamasta a tarihi. Da na karanta wannan sai na yi murmushi. Ai mu mun ji. Annabi Yusuf (AS), da ya fito kurkuku sarki ya ɗaukaka shi, wane aiki ya nema? "Ij'alni ala khaza'inil ard, inni hafizun alim." A ɗora ni a kan taskokin ƙasa, ni mai tsarewa ne, masani. Aikin sito ya nema, kuma abu biyu ya gabatar, amana da sanin aiki. Greene dai, duk da gunaguninsa, ya zage damtse, ya nemo kekuna da dawaki, ya kafa wuraren ajiyar abincin dabbobi a kan hanyoyi, rundunar ta farfaɗo.

Amma mutumin da nake so ku riƙe sunansa ba janar ba ne. Christopher Ludwick, haifaffen Jamus, mai gidan burodi a Filadelfiya, dattijo da ya haura shekara hamsin. A 1777 majalisa ta naɗa shi shugaban masu gashin burodin soja. Sharaɗin da aka gindaya masa, duk laba 100 ta gari da aka ba shi ya kawo laba 100 ta burodi. Ga wanda bai san sana'ar ba wannan adalci ne, awo da awo. Wanda ya taɓa tsayawa bakin tanda kuwa ya san gari in ya sha ruwa nauyi yake ƙarawa, don haka za ka cika alkawari da garin da bai kai laba 100 ba, ragowar taka ce. Da haka masu gashi kafin shi suke samun nasu. Ba wanda zai kira shi ɓarawo, takarda ta halatta masa. Yadda aka ruwaito, sai ya ce musu shi ba ya son ya yi arziki da yaƙi, abin da yake da shi ya ishe shi, laba 135 ta burodi zai riƙa bayarwa a kan kowace laba 100 ta gari.

Wannan wurin ku tsaya ku yi tunani. Waɗanda suka rubuta sharaɗin ba su san da ratar ba. Shi ya sani, kuma shi ya tona ta da bakinsa. Kowace sana'a tana da irin wannan rata da ɗan waje ba ya gani. Birkila ya san buhu nawa na siminti aikin zai ci da gaske. Direban ofis ya san litar da ke ragewa a tanki. Mai rabon kayan tallafi ya san sunayen da ke cikin takarda waɗanda masu su ba za su taɓa zuwa ba. Mun ma raɗa wa abin sunaye masu daɗi don kada zuciya ta dame mu: rara, canji, na goro, alherin aiki. Ludwick ba Musulmi ba ne, hisabinsa yana wurin Ubangijinsa, ban isa in shiga nan ba. Kunyata ita ce mu da aka karanta mana "wa man yaglul ya'ti bima galla yaumal ƙiyama" tun muna kan buzu, cewa duk wanda ya yi ha'inci zai zo da abin da ya ha'inta ranar ƙiyama, sai mai burodin Jamus ya riga mu aiki da ita.

Ga kishiyarsa, Benedict Arnold. Jarumi ne na gaske, ba mai musun wannan, a yaƙin Saratoga harsashi ya ragargaza masa ƙafa. Amma a Fabrairun 1777 majalisa ta ɗaga mutum biyar da ke ƙasa da shi ta bar shi, kuma ko da aka gyara daga baya, tabon bai bar zuciyarsa ba. Da aka ba shi riƙon Filadelfiya a 1778, sai ya yi amfani da kekunan gwamnati ya ɗauko hajarsa ta kasuwanci. Kotun soja ta same shi da laifi, Washington ya tsawata masa a rubuce. Ƙarshenta a 1780 ya shirya miƙa wa Turawan Ingila sansanin West Point a kan fam 20,000, asiri ya tonu, ya tsere. Ni a ganina cin amanar nan ba rana ɗaya ta faɗo ba. Daga "an tauye ni" ta fara, ta bi ta "ai aron keke ne kawai". Duk wanda ya saba cewa albashinsa bai kai wahalarsa ba don haka shi zai biya kansa, ya binciki zuciyarsa da kyau.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa bayan Khaibar, a Wadil Ƙura, wani bawa mai suna Mid'am yana sauke sirdin Manzon Allah (SAW) sai kibiya ta same shi ya mutu. Mutane suka shiga taya shi murnar shahada. Annabi (SAW) ya ce a'a, mayafin da ya ɗauka ranar Khaibar kafin a raba ganima yana ci masa da wuta. Mai hidima ga Annabi ne fa, kuma mayafi ɗaya tal. Da jin haka wani mutum ya taho da igiyar takalmi ɗaya ko biyu da ya ɗauka, Annabi (SAW) ya ce igiya ce ta wuta. Ɗan uwa, in akwai irin wannan igiya a gidanka, ka mayar tun kana da ƙafar tafiya. In kunya ta hana ka faɗa, ka saka ta inda ka ɗauko ba tare da kowa ya sani ba. Allah Ya yafe mana, Ya tsare mu daga cin haƙƙin jama'a.

Ludwick da Arnold a wata ɗaya suka mutu, Yunin 1801, kwana uku tsakani. Ludwick ya rasu a Filadelfiya, ya bar wasiyya a yi amfani da dukiyarsa a koyar da 'ya'yan talakawa kyauta, ba tare da duba asali ko launi ba. Arnold ya mutu a Landan da bashi a wuyansa. A filin Saratoga akwai wani dutsen tunawa da aka kafa saboda ƙafar Arnold da aka ji wa rauni a wurin. Takalmin soja aka sassaƙa a jiki, ba a rubuta sunan mai shi ba.