Rahoton bai taɓo aladun China ba

A rahotonku kun ce rabon ƙasashe a kasuwar garin ruwan cuku (ruwan da ke saura bayan an yi cuku, a busar da shi ya zama gari) yana sauyawa, amma ba ku faɗi dalilin ba. Ai duk maganar tana komawa China ne. Ita ce babbar mai shigo da wannan kaya, kuma da yawa daga cikinsa ba mutane ke ci ba, 'yan aladun da aka yaye ake cuɗa wa a abinci.

A 2018 abu biyu suka haɗu. China ta ɗora wa kayan madarar Amurka ƙarin harajin kashi 25 cikin ɗari, sai kuma zazzaɓin aladu ya ɓarke a China ya yi wa gonakin aladu mummunar ɓarna. Amurka ta ji a jikinta, 'yan Tarayyar Turai da Belarus suka samu ƙofa. A 2019 China da kanta ta janye harajin a kan garin da ake ba dabbobi.

Kuma don Allah ku daina haɗa komai a lissafi ɗaya. Garin dabbobi mai araha daban, mai yawan furotin da masu ɗaga ƙarfe da kamfanonin madarar jarirai ke rububi daban. Ƙasa na iya rage yawan tan da take fitarwa, amma kuɗinta ya ƙaru idan mai tsadar ta fi sayarwa.