Katinka yana Kano, rumfarka tana Agege

'Yan uwana matasan Arewa mazauna Legas, zan faɗa muku magana ko da za ta yi ɗaci. A zaɓen ƙananan hukumomi na ranar 12 ga Yuli, 2025, hukumar zaɓe ta jihar Legas, LASIEC, ta bayyana cewa APC ta lashe kujerun ciyaman duka 57, wato ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37 da aka ƙirƙiro a 2003 zamanin Tinubu yana gwamna. Cikin kujerun kansila 376 kuwa, ɗaya tak PDP ta samu, a Yaba. Tun daga nan zancen da ake ji a teburin mai shayi shi ne: "Ai an riga an rubuta, me zai kai mu?"

To, mu nawa muka je? Ran zaɓe an taƙaita zirga-zirga, tituna fayau, samarinmu suka mai da kwalta filin ƙwallo, ma'aikatan zaɓe na zaune suna hamma. Mafi yawanmu ma katin zaɓen yana Kano ko Sakkwato ko Katsina, a ƙasan akwatin Inna, alhali mutum ya shekara goma yana sayar da albasa a Mile 12.

Wa yake yanka maka tikiti a kasuwa? Ƙaramar hukuma. Kwatar da ke ambaliya a ƙofar rumfarka da damina, da firamaren da ɗanka yake zuwa a Agege ko Idi-Araba, da ƙaramin asibitin da matarka take zuwa awo, duk akwai hannunta a ciki. Ga shi a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ɗan siyasa kuwa ƙuri'a yake ƙirgawa, ba yawan kawuna ba. Shi ya sa idan an tashi rusau, sai dai Sarkin Hausawa ya tafi roƙo hannu rabbana.

Masu cewa Legas ba ta juyuwa su tuna zaɓen shugaban ƙasa na 2023: Peter Obi ya kayar da Tinubu a nan, a gidansa.

LASIEC da rajistar INEC take aiki, don haka idan an buɗe rajista, je ka mai do da katinka mazaɓar da kake kwana. Kafin nan, ka nemi sanin sunan kansilanka da ofishinsa. Ku haɗu ku biyar ko goma daga layinku, ku rubuta kukanku a takarda, a buga muku hatimin karɓa, ku riƙe kwafi. Wa'adinsu shekara huɗu ne, sai 2029 za su dawo neman ku.