Tallan "maganin hana ƙwayoyin jiki mutuwa" ya isa haka

Ranar Juma'a, a cikin trotro (motar haya) daga Kejetia zuwa Aboabo a Kumasi, wani saurayi ya miƙe da kwalin magani a hannu yana rantsuwa cewa maganinsa yana hana ƙwayoyin halittar jiki mutuwa, har ma yana tayar da waɗanda suka mutu. Wata dattijuwa da ke gefena ta kwance bakin zanenta ta ƙirga masa kuɗi. Na ce, "Hajiya, ki dakata," amma ta riga ta miƙa. Irin wannan tallan ya cika mana WhatsApp, kuma abin yana ƙona mini rai.

Jikin da ƙwayoyinsa suka ƙi mutuwa, ai sankara ke nan. Kullum biliyoyin ƙwayoyin halitta suna kashe kansu a jikin mai ƙoshin lafiya, bisa tsarin da Allah Ya gina a cikinsu. A 1972 masana suka raɗa wa tsarin suna apoptosis, kuma binciken da aka yi a kansa ya samu kyautar Nobel a 2002. Ta wannan hanya yatsun jariri ke rabuwa tun yana ciki, in ba haka ba da a haɗe za a haife su kamar ƙafar agwagwa. Ƙwayar da ta lalace sai ta tsuke, ta kakkarye, fararen ƙwayoyin jini su zo su haɗiye ta, ba zafi ba kumburi. Ɗaya daga cikin masu ba ta wannan umarni shi ne wani sinadarin furotin mai suna p53, kuma a kusan rabin cututtukan sankara za ka tarar ya lalace. Ƙwayar cutar HPV ma, karya shi take yi kafin ta kai mace ga sankarar bakin mahaifa.

Akwai kuma mutuwa mai hayaniya, pyroptosis. Ƙwayar da cuta ta shige ta takan fashe da gangan, ta watsa sinadaran neman ɗauki, daga nan zazzaɓi da kumburi su biyo baya. Garkuwa ce. Ɓarnar tana zuwa ne idan kumburin ya ƙi lafawa, kamar hantar mai ciwon hanta nau'in B da ke shekara da shekaru tana kumburi tana tabo, har wata rana ta zama sankara. Wane kwali ne a trotro zai daidaita wannan?

Masu cewa ai ganye ne, ba ya cutarwa, su je su tambayi matar da ta ji ƙullutu a nono ta shafe wata shida tana shan kwali kafin ta isa asibitin Komfo Anokye.

Ya kamata FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, ta daina tsayawa a gargaɗi, ta shiga tashoshin mota da gidajen rediyo. Limamanmu da sarakunan zango kuma su buɗe baki. Hajiyar nan kuɗin cefanen gidanta ta ba saurayin, ta sauka a Aboabo tana sa masa albarka.