Shafi na biyu ne ya tona mini asiri

Jadawali ne fa kawai, irin wanda ake buɗewa a intanet. Suna, imel, adadin kayan da mutum ya saya, sai maɓallai biyu a ƙarshen layi, Goge a hagu, Gyara a dama. Layi 25 a kowane shafi. Na haɗa shi cikin kwana biyu, na duba shafin farko na ga ya zauna daram, na rufe kwamfuta. Shafin farkon kaɗai na duba, ku riƙe wannan.

Ranar nunawa Oga ya ce shi zai riƙe linzamin kwamfutar da kansa. Aka kunna majigi, kowa ya gyara zama. Ya danna Gyara a layi biyu ko uku, komai lafiya, har yana gyaɗa kai. Ni kuma na harɗe hannu a ƙirji, ina jiran yabo. Sai ya wuce shafi na biyu.

Ban saka wa ginshiƙan jadawalin faɗi ba, na bar wa burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet. Ita kuwa in ka bar mata, abin da ke cikin ginshiƙi take dubawa, ta buɗa shi daidai da wanda ya fi tsawo. Kuma layukan da ke gabanta kawai take gani, ba ruwanta da shafin da ya wuce. To a shafi na biyu akwai wani bawan Allah mai imel kamar igiyar shanya, babu sarari ko ɗaya da za a karya shi a sauko ƙasa. Ginshiƙin imel ya kumbura, ya ture komai zuwa dama, Goge ya zo ya zauna daidai inda Gyara yake ɗazu. Hannun Oga ya riga ya saba da wurin. Yana magana, yana kallon mutane, ya danna.

Ban saka tambayar "ka tabbata?" ba. Layin ya ɓace. Kuma layin wa? Na mai dogon imel ɗin. Yana ɓacewa ginshiƙin ya tsuke, komai ya dawo mazauninsa, Gyara ya dawo ƙarƙashin kibiyar linzamin kamar bai taɓa motsawa ba. Oga ya dubi allo, ya dube ni. "Na danna Gyara, ya goge." Na ce, "Ranka ya daɗe, Goge ka danna." Ya nuna allon da yatsa. Kowa ya duba. Kibiya tana kan Gyara. Na buɗe baki na fara bayanin yadda burauza ke lissafa faɗi, na ji muryata tana siririncewa, ina cewa "ai matsawa ya yi, ya kuma dawo". Wallahi ko ni da na ji kaina ban yarda ba. Shaidata ɗaya ce a duniya, shi ne mai dogon imel, kuma an goge shi. Allah ya so kwafin gwaji ne.

Sai mutuminku mai lissafi, mai aiki da manhajar lissafi ta Excel, wanda ke zama kusa da taga, ya yi gyaran murya. "A Excel dai ban taɓa ganin haka ba." Shi fa! Mutumin da watan jiya ya kira ni hankali tashe wai lambobinsa sun lalace, duk sun koma #####, alhali ginshiƙin ne ya yi musu kaɗan, ja kawai na yi suka fito. Mutumin da har yau bai taɓa sauya faɗin ginshiƙi na 8.43 da Excel ke zuwa da shi ba sai an taya shi. Shi ne ya sake cewa, a hankali, don na baya su ji, "ban taɓa gani ba." Kuma cajata tana wurinsa tun makon da ya wuce, bai dawo da ita ba, ban kuma tambaya ba, ina dai lura.

Da dare na gyara. Na saka table-layout: fixed, wato umarnin da ke hana burauza buɗa ginshiƙi daidai da abin da ke ciki, na ba kowane ginshiƙi faɗinsa, maɓallan suka tsaya wuri ɗaya ko wane shafi aka je. Imel in ya yi tsawo a yanke shi da ɗigo uku. Lambobi na jera su ta dama. Na raba Goge da Gyara, na saka tambayar nan. Sai dai ɗigo ukun nan a kan dukkan ginshiƙai na zuba shi saboda barci, washegari 1,250,000 ya fito a matsayin 1,25… kuma kun san wanda ya fara gani.

Na ƙara wa ginshiƙin faɗi. Cajar dai har yanzu shiru.